Daminar da Na Yi Kiwon Ruwa Babu Kifi

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa kuma na manta da su, amma daminar da na yi ina gadin akwatin ruwa a ɗakin mahaifina ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Baba masunci ne. Tun kafin a haife ni yake sammako daga Rurum zuwa madatsar Tiga da komarsa, har ranar da hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Muka dawo da shi gidana a Rano don kusa da asibiti, Inna ta biyo shi jinya. Mutumin da bai san zaman ɗaki ba, sai ga shi kwance yana kallon silin. Harshensa ya yi nauyi, abinci ma sai da lallashi. Wata rana ina ba shi kunu ya ce mini, "Ko motsin kifi ne, ina so in gani."

Ranar Asabar na shiga Kano, na sayo akwatin gilashi irin na kifin ado, da ɗan injin tace ruwa mai soso a ciki. Na ce wa mai shagon ya zuba mini kifi a leda, sai ya girgiza kai.

"Malama, kifi kam ba yau ba. Sabon ruwa kashe su yake yi. Kashinsu da ragowar abinci suna zama guba, amoniya ake ce mata. Sai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sun yi gida a cikin soson nan, su ne suke cinye ta. Ki kunna injin, ki riƙa barbaɗa abincin kifi a ruwan yana ruɓewa, wata guda ko fiye."

Ya ba ni maganin gwaji. In na ɗiga a ɗan ruwan akwatin ya yi kore, da guba. In ya yi ruwan ɗorawa, ruwa ya nuna.

Na kafa akwatin inda idon Baba zai riƙa faɗawa, na jona injin da batirin sola. Kullum kafin in tafi makarantar da nake koyarwa sai in gwada, shi kuma ya bi hannuna da kallo.

"Yau ma kore ne?"

"Kore ne, Baba, amma ya fara haske."

Da gaske kuwa ya fara. Cikin makonni koren ya yi ta dusashewa, har na soma tunanin irin kifin da zan sayo. Shi kuma Baba yana ta ramewa. Sai wata rana na dawo na tarar da soson a shanye bisa igiya, fari tas, yana ƙamshin sabulu.

"Na ga ya yi baƙi ya yi yauƙi," in ji Inna. "Na ce ai ƙazanta ba ta dace da ɗakin mara lafiya ba."

Me zan ce wa matar da take wanke mijinta safe da yamma? Na shiga kicin na zauna a ƙasa na yi ta kuka. Bayan kwanaki na gwada, ruwan ya koma kore shar.

Nan na yanke shawara. Na ce, "Baba, gobe zan sayo kifin, in sun mutu in sayo wasu." Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin magana ta fito.

"A'a. Kifin da ya mutu a kwalekwalena, don ku ci ne. Waɗannan su mutu don me?"

Haka muka koma jira. Kumfa na tashi a ruwan, injin na gurnani, tsoho na kallon akwatin da babu rai a ciki. Daga baya ma ya daina tambaya. Wata Talata da hantsi, ina cikin aji, aka kira ni. Kafin in iso ya cika.

Bayan sadakar bakwai na shiga ɗakin in kashe injin. Hannuna ne kawai ya saba, na ɗiga maganin. Ruwan ya yi ɗorawa. Ina tsaye da kwalbar ƙanena ya shigo, ya dubi akwatin, ya ce a hankali, "Yaya, da ma adaidaita muka ɗauka muka kai Baba bakin Tiga ya ga ruwa."

Tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Duk cikinmu babu wanda abin ya faɗo wa a rai. Na kwashe ruwan da bokiti na zubar a kwata, akwatin kuma na bayar.

Mai shagon bai yi ƙarya ba, ruwa ba ya nuna sai lokacinsa ya yi. Amma ajali ba ya jiran kowa ya gama shiri. Tun daga nan na koyi cewa in mara lafiya ya roƙi abu, ka ba shi abin da hannunka zai kai a yau, ko da bai kai wanda kake tanadar masa kyau ba.