Turaku Goma Sha Tara

Lahadi ce. Da ƙarfe tara muna shan shayi a ɗakin da muka kama haya a Montreuil, hawa na uku. Baba ya zo Faransa neman maganin ido, don gani ya kusa barinsa. Ni kuma na gama digiri, ina bincike a Bron, kusa da Lyon. Duk Asabar nakan hawo jirgin ƙasa in zo wurinsa.

Kakana Mahaman ne ya sari daji a bakin iyaka, kudu da Maraɗi, ya gina rijiya, mutane suka biyo shi. Ɗansa, Baba Ishaka, ya koyi awon ƙasa. Shi ya ja sarƙar awo ya kewaye gonakin garin, ya kafa turakun siminti goma sha tara. Yanzu rairayi ya binne su, maƙwabta kuma sun fara matsowa. Inda kowane turke yake, a kaye ɗaya kawai aka rubuta, littafin aikinsa mai baƙin marfi. Ya ce in kwafe shi kafin a yi masa aikin idon.

Wata biyu ina kwafa, turaku bakwai na yi. Kowace lamba sai na karanta masa sau uku. Yakan ce, "Sa'idu, da haka na auna garin da yanzu ina turke na biyu." A safiyar nan na sa tsohon kayen cikin gwangwanin biskit, na tura ƙarƙashin gado, don kada shayi ya zube masa. Sabon da nake kwafewa a ciki yana kan cinyata.

Goma da minti goma, ina jin, muka ji gilashi ya fashe a ƙasa. Sau biyu. Sai muryoyin maza a titi suna cewa, "Dehors! Dehors!" Wato mu fita. Ban ga fuskarsu ba, don haka ba zan ce su wane ne ba. Na dai san an sha rubuta zagi a bangon gidan. Warin man mota ya hawo. Na buɗe ƙofa, hayaƙi ya ture ni. Wutar lantarki ta ɗauke. Kowa ya nufi babbar matattakala, inda gobarar take.

Baba bai taɓa shiga gida bai ƙirga takunsa ba. Tun yana gani haka yake, har a masallaci. Ya miƙe ya ce, "Ɗauki kaye. Kama rigata."

Na ɗauka. Na kama.

Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku biyo ni! Hannu a bango!" Ya fara ƙirga. Taku goma sha huɗu, sai hagu. Taku tara, sai wata ƙofar ƙarfe da ban taɓa lura da ita ba. Matattakalar baya ce. Hajiya Mariyama, maƙwabciyarmu, ta riƙe ɗamarata, wasu suka riƙe ta. Ba na ganin tafin hannuna. Muryarsa kawai nake ji, da tari tsakanin lambobin. A hamsin da biyu ya ce, "Tura!" Muka faɗa tsakar gida, wurin kwandunan shara. Mu goma sha ɗaya ne, ko sha biyu. Ban ƙirga da kyau ba.

Goma da rabi muka ji jiniyar ƴan kwana-kwana da ta ƴan sanda. Takardar zaman Baba ta ƙare da kwana goma, muna jiran a sabunta. Na ji tsoron a mai da shi gida ba a yi aikin ba. Na ja shi muka bi ta lungu. Watakila nan ne babban kuskurena, asibiti ya kamata in kai shi. Muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na tara, shi ba takalmi. Mutane suka matsa daga gare mu. Ƙarfe ɗaya muna cikin jirgin Lyon.

Bayan mun bar gari ya miƙo hannu. Na sa masa kayen. Ya shafa marfin, ya shafa gefen takardun. Sabbi ne, ba su lanƙwashe ba. Ya daɗe yana riƙe da shi. Sannan ya mayar mini, ya juya fuska wajen taga.

An ce hawa na uku ya ƙone duka. Ban koma ba.

A ɗakina na Bron ya kwanta a gadona, ni a ƙasa. Ran Laraba numfashi ya tsananta, na kai shi asibiti. Likita ya tambaye ni dalilin jinkiri. Duk la'asar Baba yakan ce in ɗauko biro, ya faɗi abin da ya tuna: daga rijiya zuwa tsamiya, daga tsamiya gabas. Wani lokaci ya faɗi lamba, washegari ya faɗi wata. Na rubuta duka biyun. A mako na uku ya rasu, ran Juma'a, wajen azahar.

Kawuna ya rubuto daga gida yana tambayar kayen. Har yanzu ban aika ba. Turaku bakwai na tabbata da su. Huɗu na sa musu alamar tambaya. Takwas suna ƙarƙashin rairayi.