Ruwan da Kawu Ya So Ya Tare

Jiya injin ban-ruwana ya yi ta zuƙar iska a gonar albasa, rijiyar ta ƙafe. Na zauna a kan kunya ina tuna kawuna, injiniyan ruwa, wanda ya rasu bara.

Duk rijiyar da ya tarar sai ya sa an ja guga, ya kurɓa, ya juya ruwan a baki kamar mai ɗanɗana miya. Wata damina ya ja ni bakin wani kwari a Dingyadi. Jan ruwa na ta gudu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika hanci, rigarsa ta manne masa a baya.

"Ɗana, ruwan ga da ka wucewa, shi za mu nema da rani," in ji shi. "In munka tare shi da shingen duwatsu sai ya nutse ƙasa, rijiyoyinmu su sha."

Shekaru ya yi yana gwaji, yana yawon ofisoshi. A ba shi kujera, a yaba, a sallame shi. Har yau ba a aza dutse ko ɗaya ba, abin yana ci mini rai.

Allah ya jiƙan Kawu, ya ba mu shugabanni masu jin magana tun mai ita yana raye.