Na Karɓi Haddar Turanci a Gaban Kaskon Ƙosai

Shekarun baya, lokacin ƙafafuna suna iya hawa danfo, motar hayar Legas, ba sai an ja ni ba, ina riƙon wata jikata a gidan hayarmu na Agege. 'Yar babban ɗana ce. Shi da iyalinsa suna Isolo, ita kuwa tun yaye take hannuna.

Da ta shiga aji biyar sai Turanci ya tsaya mata a wuya. Wata Lahadi uban ya zo gaishe ni, ya ga sakamakonta. Sai ya ce, "Hajiya, idan ta sake faɗuwa wannan zangon, sai dai ki yi haƙuri ta dawo wajenmu. Can akwai mai duba mata karatu." Ɗaki ɗaya nake da shi, kuma ita kaɗai ce motsin da ke cikin ɗakin.

Bayan ya tafi na tambaye ta inda abin ya ƙi. Ta ce, "Kaka, wutsiya ce. Kalma tana zamanta sai a ce a ƙara mata wutsiya. Wata sai an ninka harafinta na ƙarshe, wata sai an cire mata ɗaya, wata kuma a bar ta yadda take."

Ni ban taɓa taka makarantar boko ba, amma na yi ta allo, kuma a can karatu ba ya zama sai an ba da hadda. Na ce to, haka za mu yi. Kullum bayan la'asar, ina suyar ƙosai a ƙofar gida, sai ta zauna gefena, ta rufe littafi, ta riƙa jero min haruffa da ka. Idan ta yi gargada in ce, "Koma." Idan ta zuba tiryan-tiryan in ce, "Madalla." Ba a jima ba gargadar ta ɓace. Har rausaya take yi. Ni kuwa ina juya ƙosai ina jin kaina malama.

Kusa da ni akwai maƙwabciyata Bayarabiya mai sayar da burodi, haihuwar unguwar ce, Hausarta ta fi ta wasunmu, kuma ta yi sakandare. Rannan ta ajiye wuƙa ta ce, "Alaja, wai me ƙawar taki take rerawa ne?"

Na ce, "Karatu mana."

Ta ce, "Wane karatu? Na kwana biyu ina saurare. Rabi na littafi ne, rabi kuwa daga cikinta take fito da shi."

Na juya na dubi yarinyar. Ko kunya babu ta ce, "Kaka, ai idan na tsaya in tuna sai ki ce koma. Shi ya sa na daina tsayawa."

Ƙosai ɗaya ya ƙone a kasko. Malaminmu na allo da yake cewa koma, ya san abin da ke jikin allon. Ni murya kawai nake bi.

Daga ranar muka raba aiki. Maƙwabciyata ta riƙe littafi, tana kiran kalma tsakanin masu sayen burodi, yarinya tana rubutawa a takarda. In yarinya ta ɓata sai maƙwabciyar ta ce, "Oya, maza, malamar Kaka, sake." Ni aka bar min abin da na iya, wato hana ta tashi.

Zango ya ƙare, ta ci. Ba ta zo cikin na gaba ba, amma ta haye. Uban ya zo ya daɗe yana kallon takardar sakamakon, sannan ya ce a ƙulle masa ƙosai a takarda ya kai wa yara. Shi kaɗai ya koma Isolo.

Ta zauna a ɗakina har ta tafi jami'a, kuma ita ce take rubuta min wannan yanzu, tana dariya. Abin da ya rage min daga lamarin kaɗan ne. Idan mutum yana zuba magana a gabana ba gargada, mai talla ne ko mai neman ƙuri'a, ba na saurin cewa madalla. Sai na nemi wanda ya san abin na tambaye shi tukuna.