Takardar da Na Kai wa Mai Kemis

Shekara ashirin ina noman kabeji da karas a bakin dam ɗin Bagwai, amma ban taɓa ɗaukar kayan lambu abincin namiji ba. Nawa dai in loda wa mota, 'yan birni su ci. Da basir ya hana ni zama, na je asibiti, likita ya rubuta mini takarda. Ban iya boko ba, sai na kai wa mai kemis. Ya karanta, ya ce, "Baba, wannan ba magani ba ne. Cewa ya yi ka riƙa cin kabeji da karas da gwanda kullum." Da safen ranar ma awaki na watsa wa kabejin da ya yi kwantai. Ga su nan kuwa lafiyarsu ƙalau.