Na Kai Wa Gwaggo Gidanmu Makka

Asuba ta yi mana a hanyar filin jirgin Kano, ni da abokan tafiyata na umara, kowa rungume da jakarsa yana gyangyaɗi. Su nasu jakunkunan cike suke da yaji da kuka da daddawa, saƙon mutane. Tawa kuwa, a ƙarƙashin harami, akwai bindigar feshin fenti 'yar ƙarama wadda ba ta fi biro kauri ba, da reza, da rula, da naɗin salatif na takarda. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san sana'ata: allon shaguna nake zanawa, da bayan manyan motoci. Na zana Ka'aba a bayan tirela ban san iyaka ba, alhali ban taɓa ganinta ba. Jami'in da ya buɗe jakar ya ɗaga bindigar yana jujjuya ta, ya tambaye ni ko ni likitan haƙori ne. Na ce a'a, gida zan kai wa wata tsohuwa. Ya dube ni da kyau, ya mayar da ita, ya ce Allah ya ba ni lafiya.

Tsohuwar nan Gwaggo ce, yayar mahaifina. Tana ƙaramar yarinya kakanmu ya kama hannunta suka bi hanyar gabas ta ƙasa, ta Cadi da Sudan, aka bar mahaifina a ƙauye yana goye. Kaka bai dawo ba, a can aka binne shi. Ita kuma ta girma a Makka, ta yi aure, ta hayayyafa, ba ta sake taka ƙasar Hausa ba. Bara idonta na hagu ya tafi, likita ya ce na daman ma hanyar da ya kama ke nan, kuma babu abin da aiki zai yi masa. Da ta ji zan zo sai ta sa aka kira ni a waya. Ba ta nemi goro ba, ba ta nemi man shanu ba. Cewa ta yi, "An ce kana zane. Ka zo mini da gidanmu in gan shi kafin idon nan ya rufe." Gidan kuwa wata damina ta daɗe da kwantar da shi, shagunan bulo ne a wurin yanzu. Ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa, mahaifina ya rasu, kuma a cikin waɗanda suka kwana a gidan ni kaɗai na iya zane. Na ce mata to.

Daga Jidda muka shiga bas. Titin sumul kamar an bi shi da dutsen guga, babu rami ko ɗaya da zai farkar da mutum, don haka rabin tafiyar ban san ko ido biyu na yi ta ba. Duwatsu baƙaƙe suna tasowa daga cikin kawalwalniya su wuce, wasu su maye gurbinsu, ga talbiya ƙasa-ƙasa tana tashi tana sauka a cikin motar. Wani dattijo a gefena yana yi yana barci, kuma bai ɓata ko kalma ɗaya ba. Da muka shiga Harami na ɗaga kai na ga Ka'aba, sai na nemi addu'o'in da na haddace na rasa. Shekara da shekaru ina fesa mata baƙin fenti tsantsa, ashe baƙin nata da rubutu a cikinsa, har yana ɗan motsi idan iska ta taɓa shi. Na yi kuka sosai, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ga masu shirin zuwa, shawarata kada ku riƙa juya riyal zuwa naira a ka. Na gwada a kan kofin shayi, sai da shayin ya tsaya mini a wuya. Da safe tamis muke ci, wata faffaɗar gurasa mai zafi da ake dangwalawa a ful, wato dafaffen wake da aka dame da man zaitun. Da rana shinkafa bukhari da kaza, tiren da za a taru a ci a bar saura. Abokan tafiyata dai duk inda muka zauna sai sun zaro ƙullin yaji daga aljihu, kamar masu shan magani.

Bayan mun sauke umara babban ɗan Gwaggo ya zo ya ɗauke ni. Taubashina ne, ya girme ni, gemunsa duk furfura, Hausarsa kuwa sai ya zubo Larabci cike da baki kafin ya jefo kalma ɗaya. Amma wasan taubasantaka bai ɓace masa ba, yana ganina ya ce shi bai san an aiko masa da ɗan aiki daga Kano ba. Unguwarsu Utaibiyya ba ta yi kama da Makkar da ake nunawa a talabijin ba. Lunguna ne matsattsu masu hawa da gangara, wayoyin wuta sun sarƙe a sama, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ɗigo daga kowace taga, kuliyoyi sun miƙe abinsu a kan motoci. A wata kwana na ji ƙamshin tsire, na waiga na ga mutum yana barbaɗa ƙuli, a can siriya suke ce masa. A matakalar benensu kuma turaren wuta da daddawa ne suka gauraya.

Gwaggo 'yar ƙanƙanuwa ce, na same ta zaune a kan katifa a ƙasa. Ta kama fuskata da hannu biyu ta kawo ta daf da idonta mai gani, ta daɗe tana dubawa.

"Kunnuwan Baba ne," ta ce. "Ya waladi, ɗana, ina gidan?"

"Yana cikin kaina, Gwaggo. Sai na fito da shi."

"Tayyib. Ka yi sauri, kullum safiya duhun ƙaruwa yake."

Fenti da injin iska ba sa hawa jirgi, don haka washegari taubashina ya kai ni Ka'akiyya, can gefen gari, shagon wani abokinsa mai yin allunan shaguna. Bari in ɗan yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani. Bindigar feshi ba ta san iyaka ba, hayaƙin fenti take hurawa, duk abin da ke gabanta sai ya samu rabonsa. Saboda haka rabin aikinmu rufi ne: ka rufe inda ba ka so fenti ya taɓa, ka fesa, ka ɓare, ka rufe wanda ka gama, ka koma na gaba. A shagona da reza nake yanka takarda da salatif, har yatsana ya yi kanta. Shi kuwa wannan mutumin a kwamfuta ya zana, ya danna, wata na'ura ta ja sitika tana 'yar ƙara, kafin mu shanye shayi ta yanke zaure da ƙofa da zankwaye, kowane layi a miƙe kamar an ja zare. Raina ya biya ƙwarai, har na ji haushin rezata. Ya yanka mini gidan duka yadda na kwatanta masa, ya ara mini injin iska, muka sayi katako mai tsayin ƙofa muka hau da shi sutuh, wato rufin benen su Gwaggo.

Ban taɓa yin aiki mai tsabtar wannan ba. Sama na fara fesawa, shuɗi mai haske, ina sassauta shi yayin da nake gangarowa. Kowace sitika sai na fara manna ta a wandona na ɓare, don danƙon ya rage ƙarfi kada ya taso da fentin da ke ƙasa. Sannan in bi bakinta da farce in danne, in fesa daga kan rufin zuwa waje, kada iska ta cusa fenti ta ƙarƙashi. Da na ɓare ta ƙarshe sai ga gida tsaf, ko ɗigo babu. Taubashina ya yi ta masha Allahu yana ɗaukar hoto.

Bayan la'asar aka hawo da Gwaggo a kan kujera. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa katakon, ta bi layin bangon da yatsa daga sama har ƙasa. Sannan ta ɗago.

"Ya yi kyau," ta ce. "Gidan wane ne?"

Wallahi da marina ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Namu ne, Gwaggo. Ga zaure, ga tsamiya."

"La, a'a, ya waladi. Wannan asibiti ne. Gidanmu ba shi da kaifi. Da hannu Baba ya gina shi, bangon kamar kafaɗar mutum yake, idan ka jingina ba ya cin bayanka."

Sai a lokacin na gane. Gidan da ni na sani an riga an shafe shi da siminti an fitar masa da kusurwa tun kafin a haife ni, na kuma zo na ƙara masa da na'ura. Nata na jar ƙasa ne. Ga shi kwanakinmu sun zo ƙarshe, shugaban tawaga ya fara cewa a ɗaure kaya. Na sauko daga benen nan, ko abincin da aka ajiye mini ban iya taɓawa ba.

Gari na wayewa na koma, na shafe katakon da fari, na ajiye reza da rula gefe. Na nemi tsofaffin kwalaye na riƙa yaga su da hannu. Na roƙa a hawo da Gwaggo tun daga farko, ta zauna a inuwa da kofin shayinta. Wannan karon ban manna komai ba. Kwalin nake riƙewa nesa kaɗan da katako in fesa, fentin ya ɗan zagaya ta ƙarƙashinsa, sai bakin bango ya fito da laushi kamar abin da mutum ya gani a barci. Auduga na yayyaga na yi gajimare da ita. Reshen darbejiya na tsinko a ƙofar masallaci na fesa ta cikinsa ya zama tsamiya, Allah ya yafe mini wannan ƙarya. Da rana ta ɗaga sai zafin Makka ya fara busar da fentin tun a iska, yana sauka gari-gari kamar yashi. A shagona wannan ɓarna ce, da tuni na tsaya ina yi wa injin faɗa. A nan kuwa shi ya ba ni jikin jar ƙasa, sai na ƙara ja da baya don ya ƙaru.

Gwaggo kuma tana ta magana idonta a lumshe, ni ina bin ta da feshi. Ƙofar zauren ba a tsakiya take ba, ta karkata hagu. Zanko ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo, don ruwan sama ya cinye kan ɗayan. Akwai dakali inda ake shanya kuɓewa. Wani lokaci Hausar ta ƙwace mata ta koma Larabci, taubashina ya fassara, wani lokacin kuma ta jefo wata tsohuwar Hausa da ni ma sai na tambaya. Tattabaru suna sauka a bakin sutuh su tashi, hasumiyar agogon Harami tana can nesa dishi-dishi, ni kuwa na manta a wace ƙasa nake. Har ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa na riƙa ji, alhali fenti ne kawai a hancina.

Da inuwa ta juyo na ce ta duba. Ta matso, ta bi bangon da ido, ta bi shi da tafin hannu. Ba ta ce ya yi kyau ba. Sai ta tsaya a gefen ƙofar zauren tana lalube, can ƙasa.

"Ina hannuna?"

Ni da taubashina muka dubi juna.

"Ana gobe za mu tafi Baba ya yi wa zauren sabon yaɓe," ta ce. "Na danna hannuna a nan tun yana ɗanye. Inna ta ce a bar shi, kada wanda ya shafe, sai na dawo."

Ban taɓa ganin wannan hannu ba, siminti ya rufe shi. Ɗanta ma, duk da furfurarsa, ranar ya fara jin labarin. Na shiga neman kwalin da zan yanka hannun yarinya da shi, sai ta ce, "Halas, ya isa, bar takarda. Ga mai hannun a zaune."

Muka shafa mata man zaitun don kada fentin ya kama fata. Ta ƙi kujera, ta ce a durƙusar da ita, don iyakar tsayinta ke nan a lokacin. Ta manna tafinta a gefen ƙofar, yatsun a buɗe. Na rage iska, na haɗa ruwan ƙasa mai duhu, na zagaye hannun a hankali. Da ta ɗaga sai ga shi ya fito da haske a jikin bango, babba, har da ɗan yatsan da tsufa ya tanƙwara. Ta kawo idonta daf da shi ta daɗe tana kallo. Sannan ta jingina goshinta da katakon, ta yi magana da muryar da ba da mu take ba.

"Inna, na dawo."

Taubashina ya juya baya yana kallon duwatsu. Ni kuma na tsuguna ina wanke bindiga, na daɗe ina wanke ta.

A filin jirgin Jidda abokan tafiyata suka yi ta fama da ma'aunin kaya, wani har ya saka jallabiya a kan jallabiya don jakarsa ta rage nauyi. Muka sauka Kano ana yayyafi, iyali suka tare ni, kowa hannunsa a miƙe yana jiran dabino. Na koma shago na ci gaba da yankan salatif, don mai tirela layi miƙaƙƙe yake so, kuma gaskiyarsa. Amma na daina ɗaukar cewa gwaninta ita ce kada fenti ya tsallake layi, yanzu kafin in ɗauki reza sai na zauna na ji yadda abin yake a ran mai shi. Wanda kuma yake da tsohuwa ko tsoho a raye, don Allah ya je ya tambaye su gidansu na farko tun suna iya faɗa.

Makon jiya taubashina ya kira ni, wannan karon babu wasa a bakinsa. Idon Gwaggo ya rufe. Ya ce ba ta yi kuka ba, ta dai sa an jingina katakon a gefen katifarta. Ya ce kullum bayan sallar asuba takan miƙa hannu ta ɗora a jikin bangon, kuma ba ta taɓa kuskuren wurin da tafinta yake ba.