Goggo Ta Daina Ɗanɗana Miya

Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa ganin dariyar Goggo, yayar babanmu, ba. Jin ta kawai nake yi, don kullum tafin hannu na kan baki. Haƙoranta na gaba biyu sun turo waje, tun tana yarinya ake ce mata Zomanya. Har mijinta, Allah ya jiƙansa, da sunan yake kiranta, wai wasa. Wasan banza!

Bayan ta fita takaba, da furfurarta da komai, ta je wurin likitan haƙori ta dawo da wata roba mai haske kamar gilashi, wadda ake kifa wa haƙora ta riƙa tura su ciki a hankali. Babanmu ya ce, "Haba Yaya, yanzu kuma wa za a yi wa kwalliya?"

Ta ce, "Ni."

Matsalar ita ce Goggo kuku ce a gidan abinci, kuma ba a cin komai da robar a baki. In tukunya ta tafasa, ta cire robar, ta ɗanɗana, ta kuskure baki, ta mayar. Haka take wuni. Da ta koma asibiti, likita ya ce haƙoran ko motsi ba su yi ba, robar ta fi zama a aljihu. Ko ta bar ta a baki, ko ta haƙura.

Sai Goggo ta daina ɗanɗane. Da ido da hanci take girki, kuma gaskiya gishiri ya riƙa kuɓuce mata. Yau lami, gobe zau. Masu cin abinci suka fara ƙorafi.

Ina wurin ranar da manaja ya shigo kicin yana huci. Ya ce, "Mama, ki zaɓa. Ko wannan robar, ko aikinki."

Aikin nan kuwa, wallahi, shi ne cinta da shanta.

Goggo ta kashe murhu, ta kwance ƙyallen gabanta, ta miƙa masa ludayi.

"Tun kana goye nake ba mutane aron bakin nan. Masu zagi sun samu, masu ci sun samu. Yanzu mai shi tana so."

Ya tsaya sororo da ludayi a hannu, miya na ɗiga a takalminsa. Goggo ta dube shi ta fashe da dariya, har da riƙe ƙugu, hannu bibbiyu. Haƙoran suna nan a turensu yadda suke, kowa na kallo. Ranar na fara ganinta.