Ni da Jar Motar Marigayi a Titin Koudoukou

Da mijina ya rasu, ya bar mini ƙaramar mota ja wadda rana ta cinye fentinta. 'Yan'uwansa suka ce in sayar, na ƙi. Ina da rumfar atamfa a kasuwar Kilomita Biyar, ga kuma Innata mai ciwon suga da ya taɓa mata ƙafa, wadda nake kai wa asibiti cikin gari duk Talata. Haka na koyi tuƙi da furfura a kaina.

Abin da malamin tuƙin bai gaya mini ba shi ne, a titinmu girman motarka shi ne girmanka. Manyan motocin nan masu baƙin gilashi ba sa ganin irin tawa. Su zo su manne mini a baya, su danna hon har kunnena ya yi zafi, su wuce su bar ni da jar ƙura. 'Yan acaɓa ma sukan buga mini ƙofa da tafin hannu. Motar kuma ba ta taimakona. In na taka totur sai ta yi tari, ta yi jim kamar mai shawara, sannan ta tashi.

Wata Talata da hantsi muka fito daga unguwarmu Kokoro, Inna tana gefena da katin asibitinta a cinya. A mahaɗar da ake shiga titin Koudoukou na ga sarari, na taka, motar ta yi tarinta a tsakiyar hanya. Wata farar ƙatuwar mota ta taso ta bayana. Direban bai jira ba. Ya sa hancin motarsa ya dungure tawa, ya matse ni gefe har tayata ta gaba ta faɗa kwata. Sai ya sauke gilashi, saurayi ne da na haifi kamarsa, ya ce da Faransanci, "Kwashe gwangwaninki daga hanya, tsohuwa!" Ya ja ya tafi.

Masu sayar da gawayi a bakin titi ne suka ciccibo motar. Na kai Inna asibitin muka dawo. Da za ta sauka ta ce, "'Yar nan, sati mai zuwa ki samo mini ɗan acaɓa."

"Inna, babur? Da ƙafarki haka?"

"Shi dai ba ya tsayawa a tsakiyar titi."

Wannan maganar ta fi dungurin yi mini ciwo. Sati biyu ina kallo ana ɗora mace mai shekara saba'in da ɗoriya a bayan babur, tana riƙe da rigar wanda ba ta sani ba.

A unguwar Miskine akwai wani dattijon makanike Kirista, abokin mijina tun suna samari. Tun rikicin da ya raba unguwannin Musulmi da na Kirista ban taka can ba. Na daure na je. Garejin nasa ya koma rabin yadda na san shi, inuwar mangwaro ɗaya da tebur. Yana ganin motar ya gane ta kafin ya gane ni. Ya dafa bonet ɗin, sannan ya yi mini ta'aziyyar da ta makara shekara biyu.

Na ce masa da yaren Sango, "Papa, in ta mutu ka gaya mini gaskiya, in huta."

Ya ce in tayar. Ya kara kunne, ya sa in taka, in saki, in sake takawa. Ya ce, "Madam, ba tsufa ba ne. Shaƙewa ta yi. Ba ta samun iska, man da take sha ma rabinsa hayaƙi yake zama."

Wuni guda na yi a kan benci ina kallonsa. Ya ciro matatar iska, ta toshe da ƙasa kamar buhun gari. Ya canja fulogai huɗun, waɗanda a nan muke kira buji. Ya kwance karbureta ya wanke ta da fetur a kwano, ya mayar, ya yi ta murza wani ɗan kusa yana cewa "yeke yeke", wato a hankali, har ƙarar injin ta daidaita ta daina rawa. Da ya gama ya goge hannu ya ce, "Kada ki ɗauka masu manyan motoci za su fara ganin girmanki. Abin da na ƙara miki kawai, in kika ce ta tashi, za ta tashi."

Haka kuwa aka yi. Ina takawa take amsawa. Man da kan ƙare mini ranar Laraba ya koma kai ni Juma'a. Baƙin hayaƙin da ke bin gyalena ya ɓace, da safe kuma bugu ɗaya take kamawa.

Sau ɗaya na bari abin ya hau mini kai. Wata babbar mota ta matso ni kusa da masallacin Koudoukou, na ƙi kaucewa, na taka muka jera. Har na ji daɗi, sai ga wata mata ta ɓullo da tiren ayaba a ka. Da ƙyar burki ya kama. Ta tsaya tana kallona da irin idon da nake kallon masu baƙin gilashi. Na faka a gefe na bar babbar motar ta wuce. Ban sake ba.

Inna ta dawo shiga motar a sati na huɗu, amma a kujerar baya, idonta a rufe, leɓenta yana motsi. Har yau ana danna mini hon, ana matse ni, ana zagina da harsuna uku. Bambancin dai yanzu ina iya kaucewa da wuri. Nakan iso gida wuyana a sanƙare, in kashe injin, in zauna a ciki na ɗan lokaci kafin in sami ƙarfin buɗe ƙofa in kama wa Inna hannu.